Gem ya zama kamar gaske: me ya rage wa yaro ya suranta da kansa?

Malam Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da nake so mu tattauna, tunda a nan akwai iyaye, akwai malamai, akwai kuma matasan da suka fi mu sanin harkar. Wasannin gem na yanzu sun kai inda in ka hango talabijin daga bakin ƙofa ba za ka bambance ƙwallon gem da ta gaske ba. Ga gumi a goshin ɗan wasa, ga ciyawa tana kwanciya in an taka, ga 'yan kallo kowa da rigarsa. To idan na'ura ta zana wa yaro komai har ƙwayar ido, me ya rage masa ya suranta a zuciyarsa? Hausa nake koyarwa a ƙaramar sakandare. In na ce a rubuta labarin dodo, da yawansu mutum mai sulke da bindiga a kafaɗa suke kawo min. Dodon tatsuniya ba wanda ya taɓa ganinsa, shi ya sa kowane yaro yake da nasa. Yanzu dodonsu ya zama guda ɗaya, kuma wani kamfani ne ya zana musu shi. Abin yana damuna ƙwarai.

Sadik Mai Gem: Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, amma ina ganin an ɗora wa gem laifin da ba nasa ba. Shagon gem gare ni, daga la'asar har dare yara da samari ne a gabana. Duk wanda yake ganin kan yaro a kwance yake lokacin da yake buga gem ɗin ƙwallo na FC, bai tsaya ya kalle shi da kyau ba. Kafin a take wasa sai ya daɗe yana sauya tsari, ya ja wannan baya, ya tura wancan gefe, domin ya riga ya hango ta inda abokin karawarsa zai kawo hari. Wannan hangen ba a talabijin yake ba, a kansa yake. In an tashi kuma su tsaya a bakin titi suna sake buga wasan da baki: da na ba wane, da na juya hagu, da kaza ta faru. In wannan ba tunani ba ne, mene ne?

Malam Nura: Dabara ce, Sadik, kuma ban raina ta ba. Mai buga dara ma yana da ita. Abin da nake nufi daban ne: a faɗa maka abu da baki, ko ka karanta a takarda, sai siffarsa ta taso maka a zuci ba tare da an nuna maka ba.

Hajiya Maman Fadila: Malam ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Sadik ɗana, kai a shago kake ganinsu, mu kuma a gida, bayan sun dawo. Yayyensu da suka taso kafin waɗannan abubuwan, in an ɗauke wuta da daddare sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kakarsu ta ce ga ta nan ga ta nan ku, kowa ya yi tsit. Da rana kuwa ba ka rasa su a bayan gida da kara da reza suna ƙera mota. Na sha tsayawa ina kallon babban: ya fere karan, ya tsaga ɓawon siriri-siriri ya soke shi a jiki ya zama ƙofa, ya yanko tsohon silifas ya yi taya, sannan ya ja ta da zare yana kukan injin da bakinsa, har da canjin giya in ya zo hawa tudu. A wajensa wannan tirela ce mai ɗauke da kaya zuwa Legas. Autana kuwa in aka ɗauke wuta sai ya rasa inda zai sa kansa. Ka fara masa labari, kafin ka kai tsakiya ya ce, Mama babu hotonsa ne? Ni wannan rashin haƙurin zama da abin da ba a gani, shi ne ya fi tsorata ni.

Injiniya Auwal: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bari in shigo ta ɓangaren masu ƙera wasannin, domin su ma wannan gardamar suna yin ta a tsakaninsu.

Wasannin farko ba don son rai suka bar wa mai wasa gurbi ba, na'urar ce ba ta da ƙarfi. Pong na 1972 sanduna biyu ne da ɗigo ɗaya, amma mutane suka yarda cewa ƙwallon tebur suke bugawa. Mario da kowa ya sani ya fara fitowa a Donkey Kong a 1981, kuma wanda ya ƙirƙire shi, Shigeru Miyamoto, ya sa masa hula ne don zana gashi yana da wuya a 'yan ɗigon da ake da su, ya sa masa gashin baki don ba wurin fitar da baki sosai. Sauran fuskar mai wasa ne yake cikewa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Silent Hill na Konami, wasan ban tsoro na 1999. PlayStation na farko ba ya iya zana gari mai nisa a lokaci ɗaya, sai suka lulluɓe garin da hazo don su ɓoye gazawar. Hazon nan shi ya zama abin da ya fi firgita mutane. Kana tafe ba ka ganin gabanka, rediyon da ke jikinka ya fara shuuu alamar wani abu yana matsowa, kai kuma ba ka san mene ne ba, ba ka san ta ina zai ɓullo ba. Abin da zuciyarka ta ƙera a wannan ɗan lokacin ya fi duk abin da za su iya zanawa muni. Don haka Malam yana da hujja: inda aka bar duhu, nan zuciya take aiki.

Sai dai kada mu ɗauka duk kasuwar ta tafi wajen kama da gaske. Minecraft, wanda Markus Persson ya fara a Suwidin a 2009, komai nasa tubali ne mai kusurwa huɗu, har rana da tumaki. Microsoft ta saye kamfanin a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300. Yana cikin wasannin da aka fi sayarwa a tarihi. Yaran zamanin nan ne dai suka zaɓe shi, ga kuma masu kyan hoto a gabansu.

Sadik Mai Gem: Yaya Auwal ka tuna min da PES, gem ɗin ƙwallo na Konami, a zamanin PlayStation 2 (PS2). Konami ba su da lasisin sunaye da yawa, sai ka ga Man Red a madadin Manchester United, North London a madadin Arsenal, a na farko-farko har Roberto Larcos akwai. In ka fara Master League kuma, inda kake gina ƙungiyarka, sai a ba ka su Castolo da Minanda da Ximelez, mutanen da babu su a duniya. Amma wallahi mun san halin kowannensu. Mukan ce Castolo yau ransa a ɓace yake, Minanda tsufa ya kama shi. Akwai abokina da ya ƙi sayar da Castolo har ƙungiyarsa ta cika da taurari, wai ba zai ci amanar wanda suka sha wahala tare ba.

Malam Nura: To ka ji. Wa ya gaya muku ran Castolo a ɓace yake? Fuskarsa ko motsi ba ta yi. Ku kuka ba shi hali, kuka ba shi tarihi. Yaron da yake buga na yau an ba shi Mbappe da fuskarsa ta gaske da irin gudunsa da irin murnarsa in ya ci. Me zai ƙara masa?

Sadik Mai Gem: Zai ƙara, Malam. Suna ƙirƙirar ɗan wasa da sunansu, su zaɓa masa tsayi da aski, su fara da ƙaramar ƙungiya har su kai shi Madrid. Labari ne suke rubutawa, ba da biro ba ne kawai.

Zainab A.: Ina ta bibiyarku. Ilimin halayyar ɗan Adam nake karantawa, kuma akwai binciken da ya shafi wannan kai tsaye. A 2000 Robert Stickgold na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka sa mutum 27 buga Tetris, wasan jera tubalan da ke saukowa daga sama, na sa'o'i a cikin kwana uku, suna tambayarsu me suke gani lokacin da barci ya fara ɗaukarsu. Mafi yawansu suka ce tubalan wasan suke gani suna saukowa. A cikinsu akwai mutum biyar masu larurar da ta hana ƙwaƙwalwarsu riƙe sabon abu. Ba sa tuna sun buga wasan, ba sa gane mai binciken washegari, amma wasunsu sun bayyana siffofin nan suna faɗowa, ba su san daga ina suka zo ba. Daga baya Angelica Ortiz de Gortari da Mark Griffiths a Jami'ar Nottingham Trent ta Ingila suka tattara bayanan 'yan gem da ke ganin alamomin wasa ko jin sautinsa bayan sun kashe na'ura, wani ma hannunsa ya kai wajen maɓallin da babu shi.

Abin lura a nan, Tetris ba shi da kama da gaske ko kaɗan. Ke nan abin da ke sa hoto ya mamaye zuciya shi ne yawan maimaici da daɗewa a kai, ba kyan zane ba. Yaron da ya wuni a kan wasa ɗaya, idon zucinsa bai mutu ba, cika ya yi da kayan wasan. In Malam ya ce ya kawo dodo, abin da ke sama-sama shi zai miƙo.

Hajiya Maman Fadila: Zainab 'yata, to wannan ciwo ne ko kuwa?

Zainab A.: A'a Hajiya, ganin hoton wasa kafin barci ba ciwo ba ne, wanda ya wuni yana tuƙi ma yakan ga titi in ya rufe ido. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtuka a 2019, wanda ya fara aiki a 2022, shi ne mutum ya kasa mallakar kansa a kan gem, ya fifita shi a kan karatu da barci da mu'amala, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12. Wannan kaɗan ne daga cikin masu wasa. Autanki da ya ce babu hotonsa ne, sabo ne, kuma sabo yana sauyuwa.

Ummi Mai Zane: Ku yi haƙuri in kare masu kyan hoton kaɗan, don ni sun amfane ni. Zuciya ba ta ƙera abu daga babu, sai da abin da ta taɓa gani. Ni zane nake koyo, kuma yadda haske yake faɗowa a kan bango da hantsi, da yadda inuwa take tsawo da yamma, a gem na fara lura da shi kafin in fito in gan shi a bangon gidanmu. Red Dead Redemption 2 na 2018 yana da dabbobi kusan iri 200, kowacce da yadda take kiwo da gudu. Masu bincike a Jami'ar Exeter sun gwada a 2021, suka ga waɗanda suka buga shi sun fi waɗanda ba su buga ba gane dabbobin Amurka a hoto na gaske. Sannan Assassin's Creed Mirage na 2023 ya kai ni Bagadaza ta ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. Na shiga kasuwa, na ji ana ciniki da Larabci, na ga masu kwafar littattafai a Baitul Hikma, gidan ilimi na birnin. Tun ina Islamiyya nake jin sunan garin, amma sai a lokacin ya zama wuri mai ƙofa da lungu a kaina. Bayan nan na je na nemi tarihin na karanta. Wannan kashe tunani ne?

Injiniya Auwal: Ummi, kin kawo misalin da ya fi kowanne, amma ki duba ɗaya gefen nasa. Zagayayyen birnin da Halifa Mansur ya kafa a 762 babu abin da ya rage nasa a tsaye yau. Ma'aikatan Ubisoft, kamfanin da ya yi wasan, da masanan da suka taimaka musu sun dogara ne da bayanan marubutan da, da gine-ginen wasu garuruwa irin su Samarra, sauran kuma suka cike da hasashe. Wato Bagadazar da kika shiga, wasu mutane ne suka suranta ta. Da zanen hannu ne a littafi, da kin san ra'ayin mai zane ne, kina iya cewa ni ba haka nake ganinta ba. Amma da yake ƙura tana tashi in kin taka, tsuntsaye suna watsewa in kin matso, zuciya ba ta tsayawa ta yi musu. A ganina babbar illar kama da gaske ke nan: tana ɓoye cewa hasashen wani ne. Yanzu in an ce Bagadaza, tasu ce za ta fara zuwa miki, kuma da wuya ki iya ture ta ki gina taki.

Ummi Mai Zane: Haka ne Yaya, tasu ce take zuwa. Amma kafin nan babu komai a wurin, suna ne kawai. Na fi son in sami ta wani in gyara, da in zauna babu.

Malam Nura: Ba babu ba ne, Ummi. Da kin karanta bayanin kafin ki gani, da wani abu ya taso miki, ko da ganuwar Kano ce kika ara kika zagaye shi da ita. Wannan arowar ita ce aikin da nake jin tsoron yara za su daina. Wanda aka saba tauna masa abinci, haƙoransa suna nan, amma ranar da aka miƙa masa rake zai ce ya yi tauri.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa ga kowa daga Zinder. Ni abin da ya dame ni bai tsaya ga ko yaro yana surantawa ko ba ya yi ba. Da kayan wa yake yi? Akwai yara a unguwarmu da za su zana maka taswirar Los Santos, birnin da ke cikin wasan GTA, da ka, su gaya maka inda filin jirgi yake da inda ake sayar da mota, amma ba su taɓa shiga fadar Sarkin Damagaram ba, ga ta nan a Birni. In sun yi mafarkin arziki, gidan gilashi ne a bakin teku. In Afirka ta fito a manyan wasannin nan kuma, yawanci fagen yaƙi ce ko wurin annoba, kamar Resident Evil 5 na 2009. Yaro yana ganin nasa a matsayin wurin da ake harbi, na wasu kuma wurin da ake rayuwa, kuma duka biyun an zana su da kyau har ba ya shakka.

Ba wai ba a iya yin namu ba. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, da zanen hannu, da sutura da labari masu tushe a Afirka, ga matsalar wuta irin wadda muka sani. Ba su yi gasar kama da gaske da kowa ba. Me zai hana a ga hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27 ta laka, a cikin wasa? Ko Kasuwar Kurmi ta zamanin Muhammadu Rumfa, da fatake suna sauke kaya?

Hajiya Maman Fadila: Tunda an ambaci GTA, Sadik ina da tambaya kuma ina son gaskiya. Kuna barin ƙananan yara suna buga shi?

Sadik Mai Gem: Hajiya, a jikin kwalinsa an rubuta 18. Ni ba na kunna wa yaro, ƙwallo da tseren mota kawai nake ba su. Amma ba zan ɓoye miki ba, akwai shagunan da in yaro ya miƙa kuɗinsa ba a tambayar shekarunsa. Kuma yanzu ma ba shago ne babbar ƙofar ba, wayar hannu ce. Free Fire da PUBG da Call of Duty duk suna cikin wayar yayansa ko ta mamansa, yana ɗaki a kwance ba mai ganinsa. A shago aƙalla kuɗinsa yana ƙarewa ya tashi.

Injiniya Auwal: Malam na Damagaram, kayan aikin ba su ne matsala ba yanzu. Blender na zanen siffofi kyauta ne, Godot na haɗa gem kyauta ne, takwaransa Unreal Engine ma ba ka biyan komai sai abin da wasanka ya kawo ya wuce dala miliyan 1, sannan su karɓi kashi 5 cikin 100. Abin da ke da tsada shi ne kama da gasken, don shi ke cin ɗaruruwan ma'aikata da shekaru. Wannan ma dalili ne da zai sa namu su bi hanyar zane mai sauƙi. Kuma akwai abin da aka riga aka gwada: tun 2012 hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya take amfani da Minecraft a shirin Block by Block, inda mazauna unguwa, har da yara, suke gina yadda suke son filin unguwarsu ya zama, an yi a Kibera ta Nairobi. Tambayar da nake yi wa kowane wasa ita ce, me ya bar wa mai wasa ya yi? Akwai mai kyan hoto da ya sake maka gari ka yi yadda ka ga dama, akwai kuma wanda alama ce a taswira tana cewa je nan, danna nan, kalli wannan. Na biyun nan kallo ne kawai da rimot a hannu.

Zainab A.: Ina tare da Yaya Auwal a nan, sai dai in ƙara lokaci. Ko wasan ginin ne, in ya cinye duk sa'o'in da yaro zai zauna shiru ba abin yi, ya cinye lokacin da motar karan Hajiya take fitowa. Ƙasar Sin ta ɗauki abin da zafi a 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Ba na cewa a kwaikwaye su, amma ko su agogo suka kama, ba kyan hoto ba.

Sadik Mai Gem: To bari in gwada wani abu. Ina da tsohon PS2 a ajiye da PES 6. Ranar Asabar zan haɗa shi a talabijin ɗaya, kyauta, kusa da PS5 na kuɗi, mu ga ko yara za su zauna da su Castolo.

Malam Nura: Za su zauna don kyauta ne, Sadik, ba za ka gane komai daga nan ba. In kana son gwaji na gaske, bayan sun tashi ka tambayi na PS2 da na PS5 kowa ya ba ka labarin ɗan wasansa, ka rubuto mana abin da suka ce ba tare da ka gyara ba.

Sadik Mai Gem: Na karɓa, Malam. Amma da sharaɗi: in na PS5 suka fi ba da labari, shi ma zan kawo shi nan yadda yake.

Hajiya Maman Fadila: Ka haɗa da shekarun kowane yaro in za ka rubuto, don ɗan shekara 8 da ɗan 15 ba ɗaya ba ne.